Kaset Ɗin da Baffa Bai Ƙona Ba

Mahaifinmu ɗan majigi ne. Ƙuruciyarsa duk a bayan motar gwamnati ta ƙare, yana bin ƙauyuka yana kafa farin ƙyalle, yana nuna wa mutane yadda ake zuba taki da yadda ake tace ruwan sha. Da aka daina wannan yawo aka zaunar da shi a ofis a Kaduna, sai ƙaiƙayin abin ya ƙi barin hannunsa. Ana nan wani Ba'indiye malamin makaranta da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da kyamarar bidiyo, irin ta farkon nan da ake saɓawa a kafaɗa, ga wani akwati da ake ratayawa a ɗaya kafaɗar, inda kaset yake shiga. In ya ɗauko su duka biyun sai ka ga ya karkace kamar ɗan dako. Tun daga ranar babu wanda ya sake cin tuwo cikin kwanciyar hankali a gidanmu na Unguwar Kanawa.

Mutane sun ɗauka biki da suna zai riƙa ɗauka. Ina. Shi abin da ba wanda zai ce a ɗauka ne yake burge shi. Ya ɗauke ni ina kukan kitso, ya ɗauki akuyar maƙwabta tana cin sabulun wankinmu, ya ɗauki ruwan sama yana zuba daga indararo. Amma rabin abin da ya ɗauka duk Inna ce, mahaifiyarmu. Tana tankaɗe, yana tsaye a kanta. Tana damun fura, yana tsugune a gabanta. Sai ta kare fuska da faifai ta ce ya je ya nemi aikin yi, daga baya dariya ta ƙwace mata ta sauke faifan. Ita ba mai son zuwa wurin mai hoto ba ce, duk rayuwarta hotunanta biyu ne, suna rataye a bangon falo. Fuskarta ta gaske, mai motsi da harara da murmushi, tana cikin kasakasan nan ne.

Baba yana tattalin su fiye da yadda yake tattalin lafiyarsa. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san abin da damina take yi wa kaya, har takalmi a ƙarƙashin gado sai ya yi fumfuna. To, shi a akwatin ƙarfe yake jera su, a tsaye ba a kwance ba, ya cusa gawayi da aka naɗe a tsumma a kowace kusurwa don ya shanye laima. In ruwa ya ɗauke sai ya ware Asabar guda, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya juya kowanne har ƙarshe ya dawo da shi, wai don kada zaren ya manne. Kuma bai taɓa rubuta komai a jikinsu ba. Ɗigon fenti yake yi musu, ja ko kore ko shuɗi, wani ɗigo ɗaya wani uku, shi kaɗai ya san ma'anarsu. Yakan ce da zarar ka rubuta abin da ke cikin kaset, ka gayyato masu aro.

Inna ta rasu ƙanwata tana goye, ko zama ba ta fara ba. Ni a lokacin na kusa gama firamare. Baba ya saka kyamara a jakarta bai sake taɓa ta ba, amma ran Juma'a in ya dawo daga masallaci yakan sa kaset guda, ya ɗora yarinyar a cinya ya nuna mata allon talabijin ya ce ga Innarta nan. Ita kuwa me ta sani, sai ta miƙa hannu tana dukan gilashin. Yana cewa ba komai, in ta yi wayo zai zaunar da ita ta kalle su duka daga na farko har na ƙarshe, ba za ta tashi ba ta san uwarta ba. Daga baya injin bidiyon da muke kallo da shi ya lalace, kafin a kai shi gyara ciwo ya kwantar da Baba, bai kuma tashi ba. Ƙanwata ba ta daɗe da iya magana sosai ba muka zama marayu gaba da baya.

A nan Baffa ya shigo, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya zo daga ƙauyenmu na ƙasar Kano, aka ba shi ɗakin zaure. Ya yi kwandasta, ya zama direban bas. Shekara da shekaru Inna ce take zuba masa abinci safe da dare, ita take ajiye masa ƙanzo don yana so, ita take rufa masa asiri wurin Baba in ya kwana a waje. Na tashi na san shi da gashi buzu-buzu, da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, da rediyo a kafaɗa. Bayan rasuwar Inna ya yi aure ya tashi, ya aske gashi, ya kama zuwa karatu, har ya zamana in limamin masallacin tasha ba ya nan shi ake turawa gaba. Ni ban ga laifin wannan ba. Tuba abu ne mai kyau, Allah ya sa mu dace. Abin da ya dami Baffa shi ne yana so duniya ta manta ya taɓa yin abin da za a tuba a kai.

Washegarin sadakar bakwai ɗin Baba, da hantsi, tsakar gida cike da mata, ya shigo falo ya jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin tebur. Ina tsaye ina naɗe tabarmi. Ya buɗe, ya ɗaga wannan ya juya, ya ɗaga wancan ya juya, yana neman rubutu babu. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce mini:

"Ke, wanne ne na ranar Sallar nan da aka je bakin kogi?"

Na ce ban sani ba, Baba kaɗai ya san ɗigon. Gaskiya na faɗa. Ya dubi bidiyon, na ce ya lalace. Ya shafa gemu. Da ya miƙe sai muryarsa ta canza, ya ɗaga ta yadda matan tsakar gida za su ji, ya ce waɗannan hotuna ba za su zauna a gidan ɗan'uwansa ba, nauyi ne a kan mamaci, shi kuwa ba zai bari a azabtar da yayansa a kabari saboda wasan banza ba. Ya sauke hotunan bango ya ɗora a kai, ya kinkimi akwatin.

Na riƙe hannun akwatin. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ko dube ni ba. Matan nan kowa ta sunkuyar da kai, don yanzu shi ne babba a gidan, kuma ya ambaci kabari, wa zai ja da shi. Ya kai bayan gida inda muke ƙona shara, ya zazzage, ya tuttula kananzir ɗin risho, ya ƙyasta ashana. Tsohon malamin allo na layinmu ya hango hayaƙi ya zo yana dogara sanda, da ya ji abin da ake ƙonawa ya ce subhanallahi, ai wannan dukiyar marayu ce, ba a taɓa ta kafin a raba gado. Amma wuta ta riga ta kama.

Har yau in na ji warin roba tana ƙonewa sai ranar nan ta dawo mini. Hayaƙin baƙi ƙirin, zaren yana fitowa yana nannaɗewa yana narkewa. Ƙanwata ta zo ta tsaya kusa da ni tana tafi, don tana son ganin wuta. Ban yi kuka ba. Na tsaya ina kallon Baffa yana tona tokar da kara don kada wani ya tsira, na kuma san sarai ba kabarin Baba ne ya dame shi ba. Kaset ɗaya yake nema, da bai gane shi ba ya haɗa da uwata. A wurin na ƙulla shi a raina, ƙullin da ban taɓa yunƙurin kwancewa ba.

Aka mayar da mu hannun Gwaggo, yayar Baba, a Malali. Ta riƙe mu da amana, ba zan ci haƙƙinta ba. Ƙanwata ta girma, ta fara tambayar da na san za ta zo. Da wa take kama? Inna fara ce ko baƙa? Kowa da amsar da yake ba ta. Wannan ta ce ai ke ce sak, waccan ta ce ina, babbar ce ta ɗauko ta. Sai ta dawo wurina in muna wanke-wanke ta ce in kwatanta mata. Ina yi iyakar yina, amma kwatance da baki ba ya gina fuska, kuma na lura kowace shekara abin da nake faɗa mata raguwa yake yi.

Baffa yana zuwa duk Sallah da farar riga, ya zauna a kujerar tsakiya ya yi mana nasiha a kan haƙuri da biyayya. Ina durƙusawa har ƙasa in gaishe shi, don kada a ce Gwaggo ba ta ba mu tarbiyya ba. In ya kawo mana alawa ko dabino, nawa kason akuyar gidan take cinyewa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ina jin a tunaninsa yarinya ce, ta manta.

Na yi aure na tare a Kinkinau. Bayan wasu shekaru Gwaggo za ta aurar da autarta, aka kira ni in taya haɗa kayan ɗaki. Ita Gwaggo akwai wani hali da duk dangi suka san ta da shi: in ta ari abu, to mai shi ya yi masa addu'a kawai. Da muka sauke kwallayen da ke jere a kan wadirob, muka iso ta ƙasa wadda ba a taɓa ba tun ina yarinya, sai ga ludayin wata maƙwabciya da ta daɗe da komawa Zariya, ga farantin tangaran na Inna, ga wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. Na warware. Kaset ne, da ɗigon koren fenti guda biyu.

Na zauna a ƙasa riƙe da shi. Gwaggo ta leƙo ta ce au, ashe yana nan, ai na bakin kogi ne, ta aro shi wurin Baba don ta nuna wa ƙawayenta sabon leshin da ta sa a ranar, Allah bai yi ta mayar ba. Ta faɗa ko a jikinta, tana ci gaba da goge kwalla. Ban taɓa son mugun halin mutum ba kamar yadda na so na Gwaggo a ranar.

Ta ɗan gilashin jikinsa ana ganin fumfuna ta yi fari a gefen zaren. Ban yarda na sa shi a bidiyo ba. Na kai wa wani dattijo mai gyaran bidiyo a bakin kasuwa, na ce masa ga abin da ke ciki, in ya lalace a hannunsa ni da shi sai a lahira. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. Ya kwance kaset ɗin, ya riƙa juya zaren da hannu a hankali yana goge shi da auduga da sifirit, aikin da ya ci masa kwanaki, sannan ya mayar da zaren cikin sabon gidan kaset. Ya haɗa bidiyo biyu ya kwafa mini a wani. Da zai ba ni ya ce na asalin in ɓoye shi, kada in riƙa kallo da shi, ƙarfinsa ya ƙare. Ya ƙara da cewa kaset ɗaya a gida ɗaya bai da maraba da wanda babu, in ina so abin ya rayu in kwafa da yawa in rarraba a gidaje daban-daban, in wuta ta ci na wannan gida ko ruwa ya ci na wancan, wani zai tsira. Ya faɗa ne a matsayin shawarar sana'a. Ni kuwa na adana ta.

Na aika aka kira ƙanwata daga Malali, lokacin tana ƙaramar sakandare. Da la'asar muka rufe ƙofa, muka zauna a ƙasa dab da talabijin. Tun a hanya na gaya mata yau za ta ga Inna. Hannunta cikin nawa, sanyi ƙalau.

Hoton ya fito yana rawa, sannan ya tsaya. Lambun bakin kogi ne ranar Sallah, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa, ga kuloli, ga Gwaggo tana juyi da leshinta, ga ni da kitson Sallah ina lasar alawa. Ƙanwata tana ta tambaya, waccan ce, waccan ce? Ina cewa a'a, jira. Sai kyamara ta juya ta sami Baffa, ta kuwa zauna a kansa. Rediyo a kafaɗa, sigari a bayan kunne, wata koriyar kwalba a hannu wadda ko makaho ya san ba lemo ba ce. Yana rawa da wata mata daga cikin wasu mutane da ke zaune can gefe, ba mu san ta ba, yana karkaɗa kafaɗu yana durƙusawa har ƙasa yana tashi. Hoton yana girgiza saboda dariyar da Baba yake yi. Aka daɗe a haka. Na gane Inna tana zaune ne kusa da Baba, a bayan kyamara.

Can sai wani hannu ya shigo daga gefe riƙe da farantin nama, da lalle ja a yatsu da awarwaro biyu. Sai dariya, wadda na yi shekaru ban ji ba, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe. Na matse hannun ƙanwata har ta yi ƙara. Sannan muryar ta ce:

"Malam, ka bar shi haka. Yaro ne, wata rana zai ji kunya."

Baba ya ce wani abu da kiɗa ya danne, kyamarar ta fara juyowa wajenta. Ga kafaɗarta, ga gefen ɗankwalinta mai ruwan goro. Daga nan allon ya cika da layuka da shuu. Daidai wurin ne fumfuna ta cinye, mai gyaran ya gaya mini tun farko akwai inda ya fi ƙarfinsa. Bayan layukan sai ga kogi, da wasu yara suna jifan ruwa, kaset ya ƙare.

Ƙanwata ta ce, "Shi ke nan, Yaya?" Na ce shi ke nan. Ta ce in mayar baya. Muka kalli hannun nan har aka kira magariba. Ta ɗora nata hannun a kan gilashi tana gwadawa ko yatsunsu iri ɗaya ne. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ƙona akwatin, kuma ba kukan kewa ba ne kaɗai, har da na baƙin ciki. Duk abin da Baba ya tara na shekaru, abin da ya rage mana na uwarmu shi ne hannu ɗaya da magana ɗaya, maganar ma tana roƙa wa wanda ya ƙona ta sutura ne.

Na ji abin da Inna ta ce, ban kasa fahimta ba. Ita mai tausayi ce, ta rufa masa asiri tana raye, ga shi tana rufa masa bayan ta mutu. Ni ban gado ta a nan ba. Na koma wurin mai gyara na ce ya kwafa mini adadin gidajen danginmu na Kaduna, da na Kano, da ɗaya na tsohon malamin allo ko da ba shi da abin kallo. Maigidana ya ce ko za a yanke wurin rawar, tunda ana iya yi. Na ce in an yanke rawar an yanke muryar Inna, don a kanta take. Gaskiya ne kuma. Sai dai ni da shi mun san ba ita kaɗai ce gaskiyar ba.

Na jira Babbar Sallah. Da aka yanka rago aka kasa nama, kowane gida na aika musu da kasonsu, da kaset a cikin leda. Saƙona ɗaya ne: ga abin da ya rage na aikin Baba, a taya mu ajiya saboda halin rayuwa. Wa zai ce na yi laifi? Marainiya tana adana tarihin ubanta. Gidan Baffa ma ban tsallake shi ba, na ma zaɓar masa cinya mai kyau.

Ranar Sallah kuwa ranar taruwa ce a gaban talabijin. Kafin naman ya ƙare a tukwane babu gidan da ba a kalla ba. Mata suka riƙa dariya har da riƙe ciki, tsofaffi suna salati suna cewa a mayar baya su ga kwalbar da kyau. Wani ɗan Gwaggo da ke aiki a tasha ya kai wa direbobi, daga nan ban san inda ya bi ba. Abin da na sani shi ne yaran Unguwar Kanawa sun koyi rawar kafaɗar nan, in Baffa ya wuce sai su jera a bayansa suna yi ba tare da sun ce uffan ba. Aka ce mini wata rana liman bai zo ba, Baffa ya taka zai shiga gaba, sai wani a sahu ya yi gyaran murya ya ɗan motsa kafaɗa. Tun daga ranar bai sake takawa ba.

Ya bi gida-gida yana karɓar kasakasan. Kowa ya ba shi cikin girmamawa, bayan ya kwafi nasa. Kwafin kwafi dishi-dishi yake yi, launi ya wanke, fuskoki su narke, amma ko a wanne Baffa ana gane shi. Wurina ne kawai bai zo ba. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗi sosai, irin wanda mutum yake ji in ya cire ƙaya da ta daɗe a ƙafa. Gwaggo ta kira ni ta ce abin ya isa haka, ƙanin ubana ne. Na ce ni ajiya na bayar, ban aiki kowa tasha ba. Ta harare ni ta ce ta san ni tun ina cikin tsumma.

Shekarar da ta biyo baya Baffa ya sami kujerar Makka. Kowa ya san al'ada, maniyyaci kan zaga dangi da maƙwabta yana sallama yana neman gafara, don ba a san mai dawowa ba. Amsar ma a shirye take a bakin kowa: ba ka yi mana komai ba, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ko wanda kuka yi shari'a da shi haka zai ce. Na san dole ya zo, don in ya tsallake 'ya'yan yayansa sai an tambaye shi dalili. Na aika aka kira ƙanwata ta zo ta kwana biyu a wurina.

Ya zo da hantsi. Ya rame, gemun ya yi furfura. Na shimfiɗa masa darduma a falo, na kawo ruwa, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi maigida, ya tambayi karatun ƙanwata, ya faɗi ranar da ake sa ran tashinsu. Sannan ya dubi ƙasa ya ce:

"To, 'yata, tafiya ta zo. Idan na taɓa yi muku wani abu, da sanina ko ba da sanina ba, ku yafe mini."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta ba da amsar da aka saba, na dafa gwiwarta. Na ce:

"Baffa, abu ɗaya nake so, in ka yi na yafe har ga Allah. Ka yi shekara da shekaru kana cin abinci daga hannun Inna. Ga 'yarta nan, ba ta san fuskarta ba. Ka kwatanta mata."

Ya ɗago ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya gyara zama. Ya ce mace ce mai kirki, mai haƙuri, ba ta da yawan magana. Na ce fuska na ce, Baffa. Ya ce doguwa ce, ba can ba. Ya ce in ta yi miyar kuka har maƙwabta sai sun sani. Na ci gaba da kallonsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya dubi ƙanwata kamar zai samo amsar a jikinta, ya dubi bango. Ina zaune ina jin daɗin yadda yake laluben abin da ya ƙona da hannunsa. Can ya ce, a hankali, kamar mai tambaya:

"Tana da bille a kumatun hagu."

Ƙanwata ta juyo da sauri ta dube ni, idanunta a buɗe. Ba wanda ya taɓa gaya mata wannan.

"Haka ne, Yaya?"

Na buɗe baki in ƙaryata shi, ko in ce dama ne ba hagu ba. Sai na tsaya. Na nemi fuskar Inna a raina, inda na saba samunta ko da dishi-dishi, na tarar da hannu mai lalle, da awarwaro biyu, da gefen ɗankwali mai ruwan goro. Na ƙara nema. Na tuno ta tana tankaɗe, faifai ya rufe fuskar, na jira ta sauke shi, ba ta sauke ba. Ban san ko tana da bille ba. Ban san ranar da fuskar ta ɓace mini ba, ina can ina lissafin Baffa.

Yana zaune yana jira, tafin hannunsa a buɗe a kan gwiwa. Na san kalma ɗaya yake so, kuma da na iya ce wa yarinyar nan e ko a'a, wataƙila da na ba shi. Na miƙe na ɗauki kofin ruwan da bai sha ba.

"Allah ya kiyaye hanya, Baffa."

Ya ƙara jira kaɗan. Da ya ga babu ƙari, ya dafa bango ya tashi, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ɗaya ma bai shiga daidai ba ya ja shi haka ya fita. Ya je ya dawo lafiya, ya yi shekaru bayan nan, ban kuwa taɓa furta masa kalmar yafiyar ba.

Ƙanwata ba ta tashi rakiya ba. Tana nan zaune inda take, ta ɗora yatsa a kumatunta na hagu, tana jira in ba ta amsa.